Zaman Doya da Manja: Yadda Ake Gina Gabar Masarautu da Sulhu Mai Rauni a Labarin Ƙirƙira

Cikin labaran ƙirƙira da ake ta rubutawa da Hausa a 'yan shekarun nan, irin masu sarakuna da bokaye da aljanu, galibi ƙasashe biyu za ka tarar rak. Ɗaya ta mutanen kirki, ɗaya ta azzalumai. Sarkin azzalumai yana son ya ci duniya don kawai shi mugu ne, jarumi kuma ya tashi ya kare talakawa. Mai karatu zai bi ka, amma gabansa ba zai faɗi ba, domin tun shafin farko ya san inda za a kwana.

Abin da ke hana mai karatu barci daban ne. Masarautu ne da suka gwabza suka gaji, suka mayar da takobi kube ba don sun yafe wa juna ba, ana gaisawa a fili ana wasa makami a ɗaka. Rubuta irin wannan zama ya fi rubuta fagen fama wuya, domin dole marubuci ko marubuciya su san dalilin da ya sa kowane ɓangare yake riƙe da alkawari yau, su kuma san abin da zai sa ya warware shi gobe. Yawancin misalan da zan kawo daga tarihinmu suke, saboda ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun shafe ɗaruruwan shekaru a irin wannan zama. Wanda ya san yadda Kabi da Gwandu suka zauna ba shi da bukatar aron fada daga wata nahiya.

Mataki na farko: fara da ƙasa, sunaye su biyo baya

Kafin ka raɗa wa sarki suna ko ka tsara masa kirari, ɗauki takarda ka zana taswira. Ba sai ta yi kyau ba. Sa kogi, sa duwatsu, sa rairayi, sa hanyar fatake. A ƙarƙashin kowace masarauta rubuta abin da take da shi har ya yi mata yawa, da abin da ba ta da shi ko kaɗan amma ba ta iya rayuwa sai da shi.

Duk gabar da za ta yi ƙarko a labari daga nan take tsirowa. A da, gishirin da ake ci a Kano daga Bilma raƙuma ke ɗauko shi, ta hannun Buzaye. Goro daga Gonja yake zuwa, tafiyar watanni, ayari ya ratsa ƙasashen sarakuna da yawa, kowanne ya karɓi rabonsa kafin a wuce. Kano tana da marina da masaƙa, kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Katsina kuma ita ce ƙofar da ayarin Sahara ke fara sauka. Yaƙe-yaƙen da biranen nan biyu suka yi ta yi a ƙarni na 16 da na 17 ba su rasa nasaba da tambayar ta ƙofar wa dukiya za ta bi.

Ka yi masarautu uku aƙalla. Idan biyu ne kokawa ce kawai, wani ya ka da wani a tashi. Da ta uku ta shigo, lissafi ya canza, domin duk wanda ya fita yaƙi ya bar bayansa a buɗe. A jagorar nan zan riƙa misali da ƙasar kogi mai hatsi da jama'a, ƙasar dutse mai ƙarfe da maƙera, da ƙasar rairayi mai gishiri da dawaki. Sunayensu kai za ka sa.

Kada ka manta da lokacin shekara. A ƙasarmu a zamanin da, da rani ake fita yaƙi, bayan an kai amfanin gona gida, domin mayaƙin nan manomi ne, kuma doki ba ya tafiya a laka. Dawaki ba sa ƙarko a kurmin kudu saboda ƙudan tsando. Idan duniyarka tana da damina, to kowace shekara akwai watannin da ba a iya yaƙi ko ana so, kuma a cikinsu ne ake ƙulla makirci.

Mataki na biyu: sa wa sihiri farashi

Da yawa a nan labarinsu ke rushewa. Idan bokan sarkin dutse zai iya ƙone birni da kalma ɗaya, me zai sa sarkin ya zauna sulhu da kowa? Ka ɗauki sihirin duniyarka a matsayin dukiyar ƙasa. Ka san inda ake samo shi, wa ke riƙe da shi, me ake biya kafin ya yi aiki, kuma yaushe yake ƙarewa. Misali, ruwan wata rijiya da ke bakin iyaka shi ke hana ƙarfe kama jikin mayaƙi, amma na kwana bakwai kawai, kuma rijiyar tana ƙafewa da rani. Ka ga yanzu akwai abin faɗa a kai, akwai lokacin da kowa ke da rauni, akwai kuma dangin da ke tsaron rijiyar, waɗanda sarakuna uku ke zawarcinsu. Idan aljanu suna da masarauta a labarinka, su ma ka ba su bukata da tsoro da iyaka. Aljanin da ba ya bukatar komai a wurin kowa ba zai shiga siyasa ba.

Mataki na uku: tsohon miki, da baki biyu

Kowace gaba tana da ranar da ta fara. Rubuta labarin wannan rana sau biyu, yadda ake ba yara shi a wannan birni da yadda ake ba su shi a wancan, kuma ka tabbatar kowanne yana da ƙamshin gaskiya.

Dubi Kanta na Kabi. Ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Azbin a matsayin na hannun dama, aka ci nasara, sai rabon ganima ya haɗa su. Wajen 1516 Kanta ya ɓalle, Songhai ta turo runduna ta kasa mayar da shi, ya kafa mulkinsa a Surame, wadda kufanta da ganuwarta ta dutse suna nan har yau a Jihar Sakkwato. A Gawo, babban birnin Songhai, za a ce bara ne ya yi butulci. A Surame za a ce namiji ne ya ƙi a ci guminsa. Haka Gobirawa suka shiga ƙasar Zamfara aka ba su wurin zama, suka yi ƙarfi, har a tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alkalawa ta zama babban birni. Bazamfare zai ce baƙo ya kori mai gida. Bagobiri yana da nasa bayanin.

Misalin da na fi so marubuta su yi nazari shi ne wasiƙun da aka yi ta musaya tsakanin Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno bayan jihadin 1804. Al-Kanemi yana tambaya da wace hujja ake yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci, Bello yana amsawa da nasa dalilan. Malamai ne su biyun, kowanne ya yi imani da abin da yake faɗa, kuma dakarunsu suna fafatawa a daidai lokacin da alƙalumansu ke aiki. Idan ka rubuta abokin gaba yana kare matsayinsa har kai kanka ka ɗan yi shiru, ka kama hanya.

Mataki na huɗu: me ya tsayar da su?

Ba ƙauna ce ke tsayar da yaƙi tsakanin masarautu ba. Ko dai rumbuna sun ƙare kuma iyaye sun gaji da binne 'ya'ya, ko an gane ba wanda zai iya gamawa da wani, ko kuma wani abokin gaba da ya fi su duka ya ɓullo. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, domin ranar da wannan dalili ya kau, ranar sulhun zai fara tsagewa.

Sarkin Kano Kutumbi ya rasu a 1648 sanadin yaƙin Katsina. Wajen 1650, zamanin Sarki Shekarau, malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu. Masana tarihi da dama suna danganta wannan da barazanar Kwararrafa daga kudu, waɗanda suka afka wa Kano a 1653 suka sake dawowa wajen 1671. Tsakanin Sakkwato da Barno kuwa dalili na biyu ne ya yi aiki. Al-Kanemi ya nufo Kano da runduna, Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a 1827, daga nan kowa ya gane iyakar ƙarfinsa. A zamaninmu ga Koriya ta Arewa da ta Kudu: tsagaita wuta aka sa wa hannu ranar 27 ga Yuli, 1953, aka bar fili mai faɗin kilomita 4 a tsakani, kuma har yau ba a ƙulla cikakkiyar yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Mataki na biyar: zauna ka rubuta yarjejeniyar da hannunka

A nan nake so ka fi ɓata lokaci. Ko da mai karatu ba zai taɓa ganin takardar gaba ɗaya ba, kai ka rubuta ta sharaɗi bayan sharaɗi, biyar ko shida sun isa. A gefen kowane sharaɗi rubuta wanda ya ci riba da wanda aka zalunta. Sharaɗin da bai cuci kowa ba cire shi, ba zai haifar maka da labari ba.

Dubi Lafiyar Toga. Bayan shekaru ana gwabzawa tsakanin Kabawan Argungu da Gwandu da Sakkwato, a 1867 aka yi sulhu zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. An amince Argungu tana cin gashin kanta, garuruwan da ke hannunta sun zama nata, bayin da aka kama a yaƙi kuma kowa ya riƙe nasa. Ka tsaya a kan sharaɗin ƙarshen nan. A fada magana ce ta layi ɗaya. Amma akwai matar da aka kama ɗanta shekara biyu kafin sulhu, tana jiran a ci garin da yake a dawo mata da shi. Ranar da aka buga tambarin lafiya, ita ranar aka ce mata ta haƙura har abada. Gari na murna, ita tana ɗaki. Wannan mata ta fi sarakunan biyu amfani a labarinka, kuma ƙaramin ɗanta da ke girma yana jin kukanta, shi ne zai riƙe maka littafi na biyu.

Duk ɗalibin sira ya san sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira. Ba ina cewa a saka wannan tarihi mai alfarma cikin ƙagaggen labari ba, a'a, tsarinsa nake so ka duba. An sa wa'adin shekara 10. Musulmi za su koma ba su yi Umra ba sai baɗi, su yi kwana 3 su fita. Wanda ya gudo daga Makka ba da izinin waliyyinsa ba za a mayar da shi, wanda ya koma Makka daga Madina ba za a mayar ba. Ana cikin rubutu Abu Jandal, ɗan Suhailu bin Amr wanda ke wakiltar Ƙuraishawa, ya iso da mari a ƙafarsa, aka mayar da shi a gaban idon sahabbai, abin ya yi musu nauyi ƙwarai. Sannan akwai sharaɗin da ya ba kowace ƙabila damar shiga alkawarin ɓangaren da ta so. Khuza'a suka shiga na Manzon Allah (SAW), Banu Bakr suka shiga na Ƙuraishawa. Ka riƙe wannan sharaɗi, za mu dawo kansa.

Daga waɗannan biyu ga abin da takardarka ke bukata. Wa'adi, domin kusantowar ƙarshensa kaɗai ta isa ta ɗaga hankalin mai karatu. Hukuncin wanda ya gudo neman mafaka. Matsayin ƙananan garuruwa da ƙabilun da ke tsakani. Da kuma sharaɗi guda mai harshen damo, wanda kowane ɓangare ya fassara yadda ya ga dama. Wanda ya fi dacewa da wannan shi ne abin da ake aikawa duk shekara. Sarkin kogi yana aika wa sarkin rairayi buhunan gero da riguna. A fadarsa ana kiran abin kyauta tsakanin 'yan'uwa, a can kuwa maroƙa suna shela cewa haraji ya iso. Damagaram ta daɗe tana aika gaisuwa Kukawa a matsayin mai biyayya ga Barno, alhali a tsakiyar ƙarni na 19 Sarki Tanimu yana ƙarfafa ganuwar Zinder yana tara bindigogi da igwa. A takarda bara ne, a ƙasa kuwa ba mai iya ba shi umarni.

Sai abin da ke ɗaure alkawarin. Rantsuwa a gaban malamai ko a wurin da kowa ke tsoro, auren 'yar sarki, ko ɗan sarki da za a kai waccan fada a ce riƙo ne alhali garkuwa ne. Duk wanda ka zaɓa, ka mai da shi mutum mai numfashi. Gimbiyar da aka kai gidan wanda ya kashe yayanta, ta haifa masa ɗa, yanzu idan yaƙi ya tashi ko ubanta ya faɗi ko ɗanta ya rasa gado, ba ta bukatar ka ƙirƙiro mata wata damuwa.

Mataki na shida: raba kowace fada gida biyu

Kuskure ne a rubuta masarauta kamar mutum ɗaya mai zuciya ɗaya. A kowace fada akwai masu ci daga yaƙi da masu ci daga lafiya. Madaki da barade da 'yan lifidi, darajarsu da dukiyarsu daga ganima suke, shekara biyar ba hari sai bashi ya kama su, yaransu su fara watsewa. Fatake da madugai da sarkin kasuwa kuwa hanya a buɗe suke so. Waziri yana duba baitulmali. Malamai sun rabu, wasu na cewa alkawari abin cikawa ne, wasu na cewa tun farko bai halatta ba. Ga 'ya'yan sarki, kowanne yana lissafin ko yaƙi ne zai kusantar da shi ga karaga ko lafiya.

Sarki ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Kano tana da Tara ta Kano tun zamanin Rumfa. Katsina tana da Ƙaura a kan sha'anin yaƙi. A Gobir akwai Inna, mace mai iko da fadarta da jama'arta. Ka ba mata irin wannan matsayi na sarauta a duniyarka, kada ka bar su a makircin kishiyoyi kawai.

Rikicin gado shi ne ƙofar da maƙwabci ke shigowa. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin, gidan tsohon sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu a tsakiyar tafiyar, Aliyu Babba ya karɓa, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Basasa ke nan, kuma hukuncin da aka yanke a wata fada ne ya kunna ta. A labarinka, duk lokacin da sarki ya yi tari sau biyu a zaman fada, jakadun maƙwabta su rubuta gida a daren.

Mataki na bakwai: sauka bakin iyaka

A fada ake ƙulla sulhu, amma mutanen bakin iyaka ne ke kwana da shi. Bayan Katsinawan da suka ƙi jihadi sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri, ƙauyukan da ke tsakaninsu da daular Sakkwato sun yi shekaru ba su san barci mai nauyi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ta kafa garuruwan ribaɗi don tsaron iyaka, shi kansa ya zauna a Wurno. Manomi a irin wannan wuri yana noma kusa da ganuwa, yana da dangi a ɓangarorin biyu, wani lokaci yana biyan haraji sau biyu don a bar shi ya girbe.

Ga yadda za ka nuna wannan ba tare da dogon bayani ba. Ranar kasuwa ce a wani ƙauyen iyaka. Wata tsohuwa tana sayar da fura, sai wani baƙo daga ƙasar dutse ya tsuguna gabanta.

"Sannu da rana, Iya. A dama mini ta biyu."

Ta dubi tsagar fuskarsa, ta dubi hannunsa na hagu da ba yatsa biyu. Ta ɗauko ludayin da ta ware, wanda ba ta ba 'yan gari.

"Daga hayi kake, ɗan nan?"

"Daga hayi, Iya. Ai yanzu lafiya ta samu."

"Haka suka ce." Ta miƙa masa ƙwaryar, ta juya ta kira jikanta da ke wasa a bakin rumfa. "Shiga gida wurin uwarka. Yanzu."

Ba a zagi kowa ba, ba a zare wuƙa ba, ciniki ma an yi. Amma mai karatu ya ga ludayi na daban, ya ga an kora yaro gida, ya san abin da ke ƙasa.

Mataki na takwas: hau tsani a hankali

Kada ka tashi daga gaisuwa ka faɗa yaƙi a babi ɗaya. Tsara matakan lalacewa, ka rarraba su cikin labarin, ƙarami kafin babba. Bana gaisuwar shekara ta zo da ragin doki biyu. An bar jakada kwana uku a masauki kafin a yi masa iso, da ya shiga kuma aka shimfiɗa masa tabarma maimakon buzu. A wasiƙa an sa sunan mai aikowa gaba da na wanda aka aika wa. An ƙara kuɗin fito a mashigin kogi. Wani ɗan sarki da ya nemi juyin mulki ya gudu hayi, aka ba shi gida da mata. An fara yaɓen ganuwa ba lokacinsa ba. Maƙera sun daina karɓar aikin fartanya. Sai hari na farko a wani ƙauye, wanda sarki zai rantse ba da saninsa aka kai ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa.

A kowane mataki ka sa mutum guda da ke ƙoƙarin mayar da hannun agogo baya, kuma ka sa ƙoƙarin ya ci masa wani abu. Jakadan da ya rage zafin saƙon ubangidansa a hanya, ya ce "Allah ya ja zamanin sarki, ɗan'uwanka yana gaisuwa" alhali ba haka aka aiko shi ya faɗa ba, ya saya wa ƙasashe biyu shekara guda, amma ranar da aka gane kansa ne a faranti. A ganina irin wannan mutum ya fi mai takobi cancantar zama jarumin labari, kuma ban cika ganinsa a rubuce-rubucenmu ba.

Mataki na tara: ta ina za ta tsage?

Sau da yawa ba manyan ne ke karya sulhu da hannunsu ba. Koma kan sharaɗin ƙabilu na Hudaibiyya. Banu Bakr ne suka kai wa Khuza'a hari saboda tsohuwar gaba, wasu Ƙuraishawa suka taimaka musu. Abu Sufyan ya taka har Madina neman a sabunta alkawari bai samu ba, aka buɗe Makka a shekara ta 8, wa'adin shekara 10 bai cika biyu ba. Lafiyar Toga ma haka. A 1875 mutanen Fanna suka mayar da caffarsu ga Gwandu, yaƙi ya dawo, aka ci gaba da shi har zuwan Turawa. Gari guda ya sauya ubangida, shekara takwas ta lafiya ta tafi.

Don haka koma kan takardar da ka rubuta a mataki na biyar, ka nemo sharaɗin da ya fi rauni, ka nemo mutumin da ya fi cutuwa da shi, ka ba shi dalilin da mai karatu zai ce da ni ne ma haka zan yi. Ka dasa shi tun babi na biyu ko na uku, yana wucewa ta gefen labari, yadda in ya aikata abin da zai aikata ba za a ce daga sama ya faɗo ba.

Ba dole ne kuma ta tsage ba. Wani lokaci zaman dole yana daɗewa har ya zama zama na gaskiya. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya kamun kifi don karrama shi, bikin da ya zama na shekara-shekara har duniya ta san shi. Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, inda kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa ana dariya, yana nuna yadda tsohuwar gasa kan narke ta koma zumunci. Idan nan kake so labarinka ya nufa, ka ba shi zuriya biyu ko uku, kuma ka bar tsoho guda a gefen taro wanda bai yi dariyar ba.

Mataki na goma: shigar da shi cikin labari

Yanzu kana da taswira, da yarjejeniya, da jerin masu faɗa a ji na fada uku. Kashi ɗaya cikin goma na wannan ne kawai zai fito a shafi. Kada ka buɗe littafi da shafi biyar na tarihin masarautu. Bari farashin kantun gishiri a kasuwa ya gaya wa mai karatu cewa hanyar arewa ta rufe. Bari waƙar da yara ke yi a dandali ta ɗauki labarin tsohon miki, sannan jarumarka ta ji wannan waƙa a ɗaya birnin da baitoci a juye. Sharaɗin yarjejeniya kuma ya fito a bakin wanda ake shirin mayarwa ga masu nemansa, a daren da za a miƙa shi.

Ka ajiye littafin rubutu guda, shafi ɗaya ga kowace masarauta. Bayan kowane babi ka buɗe shi ka rubuta abin da kowace fada ta sani zuwa yanzu, da abin da take zato wanda ba haka yake ba, da kwana nawa labari zai yi a hanya kafin ya isa gare ta. Mahayi ba ya wuce abin da dokinsa zai iya, ayari kuwa ya fi shi jinkiri nesa ba kusa ba. Idan an kai hari ranar Laraba kuma wasiƙar ban haƙuri ba za ta isa ba sai bayan kwana tara, lissafa inda rundunar ramuwa za ta kasance a rana ta shida, ka fara babi na gaba daga can.